Agogon Da Ke Kai Rahotonka



Wannan makon zan ajiye batun salo da tsara labari in taɓa wani abu da ya fara yawa a hannunmu, wato agogon zamani mai ƙirga taku da bugun zuciya. Dalilin sayensa mai kyau ne, don marubuci kan wuni a zaune yana danna waya har wuyansa ya sandare. Rigimata da masu saye ido rufe ce, waɗanda da ka yi musu maganar sirri sai su ce, "Ni wa ya damu da ni? Ba ni da abin ɓoyewa."

To ai sojojin Amurka ma haka suka ɗauka. A ƙarshen 2017 manhajar Strava ta fitar da taswirar wuraren da masu amfani da ita ke gudu. A Janairun 2018 wani ɗalibi ɗan Ostireliya, Nathan Ruser, ya lura taswirar ta zana sansanonin soja a Siriya da Afganistan, domin sojoji na zagaye su da agogo a hannu. Babu wanda ya yi kutse, su da kansu suka bar ƙofa a buɗe. A 2024 jaridar Le Monde ta Faransa ta bi sawun dogaran Shugaba Macron ta wannan hanyar. In masu gadin shugaban ƙasa sun tonu, ina ga ke da kike rubutu da sunan aro don kada a san gidanku? Layin da kike zagayawa kullum bayan sallar asuba, daga ƙofarku yake farawa, a ƙofarku yake ƙarewa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne agogunan nan masu araha marasa suna da suka cika shagunan waya. Agogon ba ya aiki sai ka sauke manhajarsa, ita kuma sai ta nemi izinin karanta duk sanarwar da ke shigo wayarka. Ma'ana saƙon WhatsApp na mai sayen littafinki, da alat ɗin banki, da lambar sirrin da banki ke turowa, duka suna bi ta hannunta. Wa ya rubuta ta? A wace ƙasa take ajiya? Tambayi mai shago ka ga yadda zai kalle ka. Mu da ke tayar da jijiyar wuya in an sace mana babi ɗaya, mu ne ke miƙa wannan duka saboda araha.

Babban suna ma ba laya ba ne. Google bai zuba dala biliyan 2.1 a kan Fitbit don son roba da gilashi ba, shi ya sa Tarayyar Turai ta gindaya masa sharaɗin kada ya yi talla da bayanan lafiyar Turawa har shekara 10. Garmin kuwa masu kutse sun durƙusar da shi kwanaki a Yulin 2020.

Za a ce ai muna da doka. E, an sa hannu kan dokar kare bayanai ta Nijeriya a Yunin 2023, har da hukuma. Amma ka kai ƙarar kamfanin da ko adireshinsa babu a kwali mu gani.

Saboda haka kafin ka ciro kuɗi, fara duba manhajar, ba kalar agogon ba. Mai Android ya nemi Gadgetbridge a F-Droid: kyauta ce, kowa na iya duba yadda aka rubuta ta, kuma bayanan a wayarka take barinsu. Tana aiki da PineTime da Bangle.js da nau'o'i da dama na Mi Band da Amazfit, sai dai wasu sai an sha wahalar haɗa su da farko, don haka duba jerinsu tukuna. In ka riga ka saya, hana manhajar karanta saƙonni da lambobin mutanenka, kashe GPS sai ka yi nisa da gida, ka mayar da shafinka na kai kaɗai. Taku dai zai ci gaba da ƙirguwa, domin motsin hannunka agogon ke ji, ba tauraron ɗan Adam ba.

Wanda yake da ja, ga fili nan a ƙasa, amma ya fara faɗa mana izini nawa manhajar agogonsa ta karɓa.