Masu sa AC a 16, ku zo mu yi magana

1/ Jiya a Kusada muka kusa ɓatawa da ƙanena. Ya ga bidiyon wani Ba'amurke yana tallar Nest, na'urar nan da ake maƙalawa a bango tana kunna sanyi tana kashewa da kanta, wai zai sa a kawo masa don kuɗin wuta ya ishe shi. Na duba rimot ɗin AC ɗinsa: 16. Haba malam!

2/ Da farko, Nest an yi ta ne don gidajen Amurka, inda inji ɗaya ke hura iska cikin dukkan ɗakuna ta bututu. AC ɗinmu na ɗaki ɗaya ba ta haɗuwa da ita kai tsaye. Kuma abin da kake nema yana cikin AC ɗinka tun ranar da ka saye ta.

3/ Tamostat kenan. Aikinsa ɗaya: ya auna zafin ɗaki, in ya kai lambar da ka sa, ya ba kwamfiresa hutu. Kwamfiresa kuwa ita ke cin yunit. Fankar ciki ba wani abin kirki take ci ba.

4/ Toh a watan Afrilu, a Kankiya, ƙarƙashin kwano, waje ya haura 40, yaushe ɗakinka zai sauko 16? Ba zai sauko ba. Sai ta kwana tana gurnani, mita tana gudu. Kuma 16 ba ta sa ɗaki saurin sanyi fa. Iskar da ke fitowa ɗaya ce, lambar dai tana faɗa mata inda za ta tsaya ne.

5/ Lissafi: AC 1.5 tsohon yayi na cin sama da yunit 1 a awa. Awa 8, kusan yunit 9. A Afrilun 2024 NERC ta kai Band A naira 225 kan yunit. Wajen dubu 2 kenan a dare ɗaya, dubu 60 a wata.

6/ Na san me za ku ce: "Mu ina muka ga wutar?" Gaskiya ne, ni ma a tsakar gida na kwana shekaranjiya. Amma mai janareto da mai sola ya fi kowa shan wannan duka. Tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023, kowace lita ana jin ta a jiki.

7/ Indiya, da zafinsu bai gaza namu ba, tun Janairun 2020 suka sa sababbin AC su fito daga kamfani a kan 24. Hukumarsu ta ce kowace lamba ɗaya da ka ƙara tana rage kusan kashi 6 cikin 100 na wuta.

8/ Ka sa 25, ka kunna fankar sama, ka rufe taga. Ka danna Timer ta kashe kanta ƙarfe 3 na dare, lokacin gari ya huce. Maɓallin nan da tunda ka sayi rimot ba ka taɓa dannawa ba.

9/ Firjin Hajiya ma haka. Mai ƙanƙara da zoɓon sayarwa ta murɗa can ƙarshe, wannan sana'a ce. Na ruwan sha da ragowar miya, tsakiya ta isa.

10/ Ƙanen nawa ya ce 25 ai AC ɗin talaka ce. Na ce ya tura mini hoton mitarsa ranar Juma'a.