Sharhi: Ƙananan jami'o'in kuɗi da lissafin iyaye a Agege da Iddo

A watan Agustan 2025, bayan zaman Majalisar Zartarwa ta Tarayya, Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya shaida wa manema labarai cewa jami'o'i 199 a Najeriya ba su samu masu nema ko 100 ba ta hannun hukumar JAMB a shekarar da ta gabata, yayin da 34 ba su samu ko mutum ɗaya ba. A wannan zama ne majalisar ta dakatar da kafa sababbin manyan makarantun tarayya na tsawon shekara bakwai, ta kuma amince da bai wa sababbin jami'o'i masu zaman kansu guda tara lasisi.

Wannan kuwa a ƙasar da kusan ɗalibai miliyan biyu ke zana jarrabawar shiga jami'a duk shekara. Jami'o'in gwamnati sun cika sun batse, ga kuma tarin ƙananan makarantu da kujerunsu ke jiran mai zama. Jami'o'i masu zaman kansu sun haura 140, sun fi na tarayya yawa, sun kuma fi na jihohi, amma ɗaliban da ke cikinsu ba su kai kashi 10 cikin 100 na ɗaliban jami'o'in ƙasar ba. Ke nan galibinsu ƙanana ne.

A unguwannin Hausawan Legas, daga Agege zuwa Iddo, da Idi-Araba da Mile 12 da Alaba Rago, wannan lamari ya shiga gidaje. Layin dogon da ya tashi daga Iddo ya isa Kano a 1911, shi ya ƙarfafa fataucin goro da shanu da hatsi tsakanin Arewa da bakin teku, ya kuma haɓaka zangon Agege. Yau jikoki da tattaɓa-kunnen waɗancan fatake haifaffun Legas ne, suna jin Hausa da Yarbanci da Turanci, sun gama sakandare a makarantun jihar, suna neman jami'a. Tambayar da ke gaban mahaifin da ya tara ɗan abin hannunsa a kasuwar hatsi ta Iddo, ko mahautar Oko-Oba, ko harkar canji, ita ce ko kuɗin da ƙaramar jami'ar kuɗi ke nema ya yi daidai da abin da yaro zai fito da shi.

Matsayin irin wannan yaro a tsarin ɗaukar ɗalibai yana da ɗan sarƙaƙiya. Jami'o'in tarayya na raba gurabe ne kashi 45 bisa cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 kuma ga jihohin da aka ɗauka suna baya a ilimin boko, waɗanda suka haɗa da Kano da Katsina da Sakkwato. Sai dai ma'aunin shi ne jihar asali. Wanda aka haifa a Agege, bai taɓa yin wata uku a Kano ba, takardarsa ta Kano ce. Wannan kan taimake shi a wani wuri, ya kuma rufe masa ƙofa a wani, domin tallafin karatu na jihar Legas na 'yan asalin jihar ne. Jami'ar Legas da ke Akoka da Jami'ar Jihar Legas da ke Ojo na cikin waɗanda aka fi rububinsu a ƙasar nan, don haka da yawa kan shekara biyu ko uku suna maimaita jarrabawa. Wasu iyayen kan tura yaro gida, Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, wurin dangi. Wasu ba sa son wannan nisa, musamman ga 'ya mace.

A nan ne jami'ar kuɗi ke shigowa, kuma abu na farko da take sayarwa shi ne lokaci. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ya ci wata tara a 2020, ya sake cin wata takwas a 2022, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Ɗalibin da ya shiga jami'ar tarayya a 2019 ya yi asarar kusan shekara ɗaya da rabi ba da laifinsa ba. Ga ɗan kasuwa wannan lissafi a fili yake: shekara huɗu da aka san ranar ƙarewarsu sun fi shida da ba a sani ba. Ga mahaifin 'ya mace da aka riga aka fara yi wa maganar aure, sanin ranar gamawa kan zama shi ne sharaɗin barinta ta yi karatun tun farko. Akwai kuma batun shekaru, tunda wanda ya wuce 30 kafin ya kammala digiri ba ya zuwa bautar ƙasa, sai dai a ba shi takardar yafewa.

Abu na biyu shi ne sa ido. A ƙaramar jami'a aji kan kasance mutum 20 ko 30, malami ya san sunan kowa, wanda bai zo lacca ba za a gane. Kusan kowa na kwana a cikin makaranta, fita sai da izini a rubuce, wani lokaci sai an kira iyaye ta waya. Akwai dokar sutura, akwai lokacin rufe ƙofa, wasu ma ɗalibi ba ya girki sai dai ya ci a ɗakin cin abinci na makaranta. Iyaye na jin daɗin wannan, ganin abin da ƙungiyoyin asiri da shaye-shaye suka yi wa matasa. Ɗaliban kuwa sukan kira wurin sakandare mai manyan kaya, kuma ƙorafin nasu bai rasa tushe ba. A yawancin waɗannan makarantu babu ƙungiyar ɗalibai mai 'yancin ja da hukuma, sai majalisar wakilai da ke aiki ƙarƙashin ofishin kula da harkokin ɗalibai. Yaron da ya tashi a Agege, ya saba shiga motar haya shi kaɗai tun yana ɗan shekara 12, ya iya ciniki da harshe uku, yana iya fitowa bayan shekara huɗu a killace da ƙarancin wayewar da kasuwa ta riga ta ba ƙannensa.

Ga iyalan Musulmi, wanda ya mallaki makarantar ma abin dubawa ne. Da yawa daga cikin jami'o'in kuɗi na jihar Legas na ƙungiyoyin Kirista ne: Jami'ar Anchor da ke Ayobo, ba nisa da Agege, ta majami'ar Deeper Life ce, Jami'ar Augustine da ke Ilara ta wajen Epe ta ɗarikar Katolika ce, Jami'ar Caleb da ke Imota ita ma a kan tafarkin Kirista aka gina ta. Makarantar addini tana da ikon tsara ibada da sutura yadda ta ga dama, kuma wanda ya sa hannu a takardar shiga ya amince da sharuɗɗanta. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a watan Yunin 2022 kan hijabi ya taso ne daga makarantun gwamnatin jihar Legas. Shi ya sa batun sallar Juma'a da hijabi da abincin sahur a watan azumi ke sa iyaye da dama su duba waje da jihar: Jami'ar Crescent a Abeokuta, wadda marigayi Bola Ajibola, tsohon alƙali a Kotun Duniya, ya kafa a 2005, Al-Hikmah a Ilori, ita ma 2005, Fountain a Osogbo, ta ƙungiyar NASFAT, 2007, da Summit a Offa, ta Ansar-ud-Deen. Masu son Arewa kuma na da Al-Qalam a Katsina tun 2005, da jerin waɗanda suka buɗe a Kano daga 2018, irin su Skyline da Maryam Abacha da Al-Istiqama ta Sumaila da ta Khalifa Isyaku Rabi'u.

Sai maganar kuɗi. A 2023 Jami'ar Legas ta ɗaga kuɗin da ɗalibai ke biya daga kusan naira 19,000 zuwa 190,250 ga masu karatun likitanci, aka yi zanga-zanga, hukumar ta rage wani abu. Ko da wannan ƙarin, tazarar da ke tsakaninta da jami'ar kuɗi na nan da faɗi. A yawancin masu zaman kansu, idan aka haɗa kuɗin karatu da ɗaki da abinci, shekara ɗaya kan haura naira miliyan ɗaya, fannin lauya da jinya da likitanci kuma su ninka haka. Mafi ƙarancin albashi a jihar Legas naira 85,000 ne a wata, wato miliyan ɗaya da dubu 20 a shekara. Albashin ƙaramin ma'aikaci na shekara guda, ba ci ba haya, da ƙyar ya biya wa yaro ɗaya. Ɗan kasuwar da ya shigar da yaro a shekarar da ciniki ya yi kyau ya ɗaure kansa da biyan shekara huɗu, alhali kuɗin na iya tashi a kowace shekara, dizal da abinci kuwa sun yi tashin gwauron zabo tun cire tallafin mai a 2023. Wanda ya kasa biya ba ya shiga jarrabawa.

A daidai nan ne manufofin gwamnati suka bar iyaye su kaɗai. Asusun lamunin ɗalibai na NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a watan Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta tare da naira 20,000 a wata, amma ga ɗaliban makarantun gwamnati kaɗai. Asusun TETFund, da ke gina ɗakunan karatu da na gwaji daga harajin kamfanoni, shi ma doka ba ta sa makarantu masu zaman kansu a cikinsa ba. Hujjar gwamnati tana da ƙarfi ta wata fuska: dukiyar jama'a ba ta isa makarantun jama'a ba, balle a kai ta gonar wani. Amma lamuni daban yake da gini, domin ɗalibi ake bai wa, shi zai biya. Hana shi ga ɗalibin jami'ar kuɗi ya ginu ne a kan zaton duk wanda ke can ɗan mai hali ne, alhali akwai waɗanda rashin gurbi ne ya kai su, iyayensu suka sayar da fili ko suka shiga adashi.

Ƙanƙantar da ke sa malami ya san kowane ɗalibi ita ce kuma inda haɗarin yake. Makarantar da kuɗin ɗalibai ne kaɗai abin shigarta, in ɗaliban ba su da yawa, ba za ta iya riƙe farfesoshi na dindindin ba. Sai ta dogara da malaman aro daga jami'o'in gwamnati, waɗanda kan zo kwana ɗaya ko biyu su haɗa darussan makonni. Ɗakin gwaji da ɗakin karatu kan zauna a matakin da aka nuna wa masu duba makaranta ranar ziyara. Ajin mutum takwas na iya zama gata, yana kuma iya zama alamar sashen da ke dab da rufewa.

Lasisin da hukumar NUC ke bai wa jami'a bai wadatar ba shi kaɗai. Kowane kwas na da nasa tantancewar, kuma fannonin sana'a na da hukumominsu: majalisar likitoci ta MDCN, majalisar koyar da aikin lauya, COREN ta injiniyoyi, da majalisar ma'aikatan jinya da ungozoma. Wasu daga cikinsu kan ƙayyade adadin ɗaliban da makaranta za ta ɗauka. Idan makaranta ta zarce adadin don neman kuɗi, ɗalibi ne ke tsayawa a layi shekara da shekaru kafin ya shiga makarantar horas da lauyoyi ko a rantsar da shi. Haka nan duk gurbin da bai bi ta manhajar CAPS ta JAMB ba, ba halattacce ba ne, kuma sai lokacin tafiya bautar ƙasa matsalar kan fito. Waɗannan abubuwa ba sa cikin takardun talla masu hoton ginin ƙofa da ciyawa.

Mazauna Legas sun ga inda gaggawa ke kai mutum. Kwatano na kusa, ta iyakar Seme, kuma shekaru da dama ƙananan makarantun can na jan 'yan Najeriya da alƙawarin digiri mai araha cikin ɗan lokaci. A ƙarshen Disambar 2023 ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata makaranta a Kwatano cikin mako shida, har ya shiga bautar ƙasa da shi. A farkon Janairun 2024 gwamnati ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo, daga baya ta ce jami'o'i biyar a Benin da uku a Togo kaɗai ta amince da su, ta kuma ce sama da takardu 22,000 na bogi ne. Matakin ya shafi har waɗanda suka zauna a aji da gaske, iyayensu suka biya da guminsu. Araha ba ta ado.

Agege ba baƙuwa ba ce ga makarantar da mutum ɗaya ya kafa da ƙarfinsa. Markaz, cibiyar koyar da Larabci da addinin Musulunci da Shehu Adamu Abdullahi na Ilori ya kafa a Abeokuta a 1952 kafin ya dawo da ita Agege, ta yi suna ne ta hanyar ɗalibanta, waɗanda suka zama limamai da malamai a ƙasar Yarbawa da maƙwabta, wasu suka wuce Azhar a Masar. An ɗauki shekaru kafin wannan shaida ta tabbata. Jami'o'in kuɗi na farko a Najeriya, Igbinedion da Babcock da Madonna, sun samu lasisi a 1999, suna da tsofaffin ɗaliban da za a iya bincikar inda suke aiki. Da yawa daga cikin waɗanda ke talla a yanzu kuwa an buɗe su ne daga 2021 zuwa yau, wasu ba su yaye ko aji ɗaya ba, don haka iyayen da suka fara kai yara su ne ke ɗaukar nauyin gwajin.

Dakatarwar shekara bakwai ta tsayar da ƙaruwar makarantun tarayya, amma ba ta amsa abin da zai faru da ɗaliban ƙaramar jami'ar da ta kasa riƙe kanta ba: wace makaranta za ta karɓe su, a wane aji, wa kuma zai ajiye sakamakon jarrabawarsu. Alƙaluman da ministan ya karanta suna hannun JAMB makaranta-makaranta, na tantance kwasa-kwasai kuma suna hannun NUC. Haɗa su wuri guda cikin harshen da iyaye ke ji, har da Hausa, a kai su masallatan Juma'a da fadar Sarkin Hausawan Agege da ƙungiyoyin 'yan kasuwar Iddo kafin a fara sayar da fom na shekara mai zuwa, aiki ne da hukumomin biyu ke da ikon yi ba tare da jiran sabuwar doka ba.