Kafin Ku Sayi Ƙaramin Keken Jariri, Ku Duba Ko Yana Kwanciya

Idan haihuwa ta ƙarato, jerin sayayya yakan yi tsawo: bahon wanka, tawul, riguna, gidan sauro, filas, man shafawa. A 'yan shekarun nan an samu ƙari a jerin, musamman a birane irin su Kano da Kaduna da Abuja, wato keken tura jariri. Wani lokaci uba ne ke sayowa, wani lokaci kuma yakan zo cikin kayan barka daga 'yar'uwa ko ƙawa. Wanda ya fi shiga ran mutane kuwa shi ne ƙaramin nan mai naɗewa, wanda ake ninke shi da hannu ɗaya, a rataya a kafaɗa, ya shige bayan mota ko a riƙe shi cikin adaidaita sahu ba tare da an takura wa kowa ba.

Ba na ganin laifin mai son ƙaramin keke. Gidan haya ba ya da fili, mai hawa bene ya san wahalar ɗaukar kaya, matar da aka yi wa tiyata wajen haihuwa kuwa an hana ta ɗaga abu mai nauyi na wasu makonni. Abin da nake so in ja hankalinku a kai shi ne, mafi yawan masu saye suna auna keken da motarsu da aljihunsu, su manta ba su auna shi da wanda za a sa a ciki ba. Ra'ayina a fili yake: jaririn da bai kai wata shida ba, keken da ya dace da shi shi ne wanda ke kwanciya sosai, ya zama shimfiɗa kamar gado. Wanda bai cika wannan sharaɗi ba, komai kyansa da rashin nauyinsa, a jingine shi sai yaro ya yi ƙwari.

Dalilin yana jikin jaririn

Ku dubi sabon jariri da kyau. Kansa babba ne idan aka kwatanta da sauran jikinsa, wuyansa kuma bai da ƙarfin riƙe shi. Shi ya sa kakarsa ke yi muku tsawa idan kuka ɗauke shi ba ku tallafe ƙeyarsa ba. Sai ya kai wajen wata huɗu yake iya tsayar da kansa daidai, sai wajen wata shida yake fara zama. Hanyar numfashinsa siririya ce, mai taushi. Idan aka zaunar da shi a kujerar da ta karkace, jikinsa yakan zame ƙasa, haɓarsa ta faɗo kan ƙirjinsa, hanyar iska ta matse kamar yadda tiyo ke toshewa idan aka lanƙwasa shi.

Abin tsoron shi ne, wannan yakan faru a shiru. Jaririn da iska ke yi wa ƙaranci ba lalle ne ya yi kuka ba. Yakan yi lamo ne. Uwa tana bayan keke tana turawa, ba ta ganin fuskarsa, sai ta ɗauka barci ne ya yi daɗi. Haɗarin ya fi yawa ga bakwaini, da jaririn da aka haifa bai kai kilo 2.5 ba, da wanda ke fama da mura ko tari.

Kada kuma a ce ai zama kawai zai yi. Sabon jariri yana barcin sa'a 14 zuwa 17 a rana, motsin keke kuwa rarrashi ne a wurinsa. Duk keken da kuka sa shi a ciki, to, makwancinsa ne. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka, a shawarwarin da ta sabunta a shekarar 2022, ta ce duk shimfiɗar da karkatarta ta wuce digiri 10 ba ta dace da barcin jariri ba. Ƙa'idar ita ce a kwantar da shi rigingine, a kan shimfiɗa miƙaƙƙiya mai ɗan tauri, babu matashi babu tarkace.

Tarihin ƙaramin keken ma ya nuna wanda aka yi dominsa. Wani injiniyan jiragen sama ɗan Ingila mai suna Owen Maclaren ne ya ƙirƙiro shi a shekarar 1965, ya yi shi da sandunan alminiyom yana naɗewa kamar lema. Kujera ce ta ƙyalle da aka rataya a jikin ƙarfe, domin yaron da ya riga ya iya zama. Da yawa daga cikin masu araha da ke kasuwanninmu yau wannan fasalin suke bi. Idan kuka duba takardar da ke maƙale da su, za ku ga an rubuta cewa daga wata shida ne, sau da yawa da alamar 6m+. Wanda aka yi domin sabon haihuwa yakan ɗauki alamar 0+.

Gwajin da za ku yi a shago

Kada ku tsaya ga maganar mai shago, domin kowane keke a bakinsa mai kwanciya ne. Ku sa a buɗe shi, ku kwantar da majinginar har ƙarshe, ku tsuguna ku dube ta daga gefe. Idan ta miƙe daga kai zuwa ƙafa, to, madalla. Idan ta tsaya a rabi, ko kuma tsakiyarta ta lotsa kamar raga, ba ta sabon jariri ba ce. Akwai ƙananan kekuna da ake ɗora musu wani ɗan gado na musamman mai katifa. Su ma sun yi, muddin gadon na keken ne kuma yana kamawa da kyau. Akwai kuma waɗanda ake maƙala musu kujerar mota. Kujerar mota tana ceton rai a cikin mota, amma ba wurin yini ba ce. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce kada jariri ya wuce sa'a biyu a cikinta a jere, kuma da zarar an isa inda za a, a fito da shi.

Bayan kwanciya sai bel. Ku nemi mai kamawa ta wuri biyar: kafaɗu biyu, ƙugu biyu, da tsakanin ƙafafu. Wani bincike da aka yi a Amurka ya gano cewa tsakanin 1990 da 2010, yara ƙanana sama da 360,000 aka kai sashen gaggawa saboda raunin da suka ji a keke ko a abin ɗaukar jariri. Mafi yawansu faɗowa suka yi ko keken ya kife da su, kuma kai da fuska ne suka fi jin ciwo. Wannan a ƙasar da ke da shimfiɗaɗɗun hanyoyi ke nan. Bel ɗin da ba a ɗaura ba bai da amfani, don haka ku zaɓi wanda ɗaura shi ba ya ba ku wahala, ku kuma saba da ɗaurawa ko da daga ƙofar gida zuwa bakin titi ne.

Ku taka birki, ku tura keken ku ga ko zai motsa. Ku danna mariƙin ƙasa kaɗan da hannu. Idan ƙafafun gaba suka ɗaga nan take, ku sani jakar kayan jariri kaɗai ta isa ta kifar da shi ta baya. Nan ne raunin ƙaramin keke yake: rashin nauyin da ya sa kuke sonsa shi ne ke sa shi saurin kifewa. Jaka da ledar cefane wurinsu kwandon ƙasa, ba mariƙi ba.

Ku duba mahaɗar da keken ke naɗewa. A watan Nuwamba na 2009, kamfanin Maclaren ya yi kiranyen kekuna kusan miliyan ɗaya a Amurka bayan yara goma sha biyu sun rasa kan yatsunsu a irin wannan mahaɗa. Darasin bai tsufa ba: duk lokacin da za a buɗe keke ko a naɗe shi, a nisantar da yara, har da yayyen jaririn masu son taya aiki, a kuma tabbata makullin ya kama kafin a sa yaro. Idan kun ga lambar EN 1888 ko ASTM F833 a jikin takardar, alama ce ta cewa an ƙera shi bisa ma'aunin aminci na Turai ko na Amurka. Takardar ce kuma za ta gaya muku iyakar nauyin da yake ɗauka, galibi kilo 15 ko 22.

Na gwanjo ba laifi ba ne, wani ma ya fi sabo mai araha ƙarko. Sai dai ku bincika shi kamar yadda ake bincikar tsohuwar mota: bel ɗin cikakke ne, birki yana kamawa, ƙarfe bai tsage ba, ƙyallen bai yi fumfuna ba. A wanke shi da sabulu a shanya a rana kafin jariri ya shiga.

Rana, ƙura da hanya

Akwai wata al'ada da nake gani kullum a layin rigakafi: a lulluɓe keken gaba ɗaya da zani ko tawul don kada rana ta taɓa yaro. Niyyar mai kyau ce, domin bai kamata jaririn da bai kai wata shida ba ya sha rana kai tsaye. Amma lulluɓin yana tare iska, ya mai da cikin keken tanda. Masu bincike a Jami'ar Sidni ta Ostireliya sun auna, suka ga busasshen mayafi yana ƙara zafin cikin keke da kusan digiri 4. Ku ɗora wannan a kan zafin Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40. Jariri ba ya iya sanyaya jikinsa kamar babba. Saboda haka ku zaɓi keke mai faffaɗar rumfa da raga a gefe wadda iska ke ratsawa, ku fita da safe ko da yamma, ku riƙa taɓa wuyansa ko ƙirjinsa don jin zafin jikinsa, a kuma yawaita ba shi nono. Da magariba kuwa gidan sauro na keke ya fi zani, domin yana tare sauro ya bar iska.

Ku kuma tuna cewa jaririn da ke cikin keke yana ƙasa-ƙasa, kusa da salansar mota da babur da ƙurar hanya. A cunkoson bakin kasuwa, ko a tsakiyar hunturu lokacin da hazo ya sauka, abin da yake shaƙa ya fi naku yawa.

Sai hanyar kanta. Ƙananan ƙafafun keke mai naɗewa an yi su ne domin daɓe mai santsi: filin jirgin sama, babban kanti, farfajiyar asibiti. A yashi nutsewa suke yi, a burji kuma girgiza suke yi, duk girgizar kuwa a kan jaririn take ƙarewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ku tsaya a ƙofar gidanku ku dubi hanyar da za ku riƙa bi kullum. Idan lungu ne mai kwata da rairayi, keken zai ƙare a bayan ƙofa yana tara ƙura, kuɗin ya tafi a banza.

Goyo bai zama tsohon yayi ba

Na san abin da wasu za su ce: keke mai kwanciya sosai ya fi tsada, ba kowa ke da halinsa ba. Gaskiya ne. Amsata ita ce, wanda bai da halin saye bai rasa komai ba idan ya jira. Iyayenmu sun raini al'umma da zani da majanyi, kuma ilimin likitanci bai ƙaryata su ba. Jaririn da ke jikin uwarsa yana samun ɗumi, tana jin numfashinsa, tana gane yunwarsa tun kafin ya yi kuka. Ga bakwaini ma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2022 cewa a manna shi a ƙirjin uwa, fata da fata, tun daga haihuwa. Wannan dabara a asibitin Bogota ta ƙasar Kolombiya aka fara ta a 1978, lokacin da kwalaben ɗumama jarirai suka yi ƙaranci.

Goyon ma yana da nasa sharuɗɗan. A tallafe kan jariri da zani har ƙeya, a juya fuskarsa gefe yadda hanci da baki za su kasance a buɗe, kada a rufe shi ruf da mayafi ko hijabi, kada kuma a sunkuya kan murhu ko tafasasshen ruwa da shi a baya.

Akwai waɗanda keke ke yi wa rana ta gaskiya: uwar tagwaye, mai ciwon baya, wadda aka yi wa tiyata, kakar da ƙarfinta ya ragu, uban da ke kai yaro asibiti shi kaɗai, da mazauna ƙasashen waje inda ake doguwar tafiya a ƙasa. Rigakafi kaɗai zai kai ku asibiti ranar haihuwa, da mako 6, da mako 10, da mako 14, kuma jiran layi da yaro a hannu ba wasa ba ne. Irin waɗannan su saya, amma su sayi mai kwanciya. Sauran kuwa suna iya goyo har wata shida, sannan su sayi ƙaramin mai naɗewa, a lokacin da ya dace da shi kuma kuɗinsa ya fi sauƙi.

Idan kuma an riga an kawo muku mai zama cikin kayan barka, ku karɓa da godiya, ku naɗe shi ku ajiye. Ba zai lalace cikin wata shida ba. Kada kunyar wadda ta kawo, ko son a gani ranar suna, ya sa ku zaunar da ɗan kwana bakwai a kujerar da wuyansa bai isa ba. Kuma ko a wane irin keke yaro yake, idan kuka ga haɓarsa a kan ƙirji ku gyara masa kwanciya nan take. Idan leɓensa ya sauya launi, ko numfashinsa yana sarƙewa, ko jikinsa ya saki ya ƙi farkawa, ku ɗauke shi ku nufi asibiti ba tare da jira ba.

Allah ya raya mana su cikin ƙoshin lafiya, ya ba masu jego lafiyar shayarwa.