Lissafi Ba Gadon 'Ya'yan Masu Hali Ba Ne

Kowace shekara in sakamakon jarrabawar fita sakandare ya fito, kuka iri ɗaya ake ji a unguwannin talakawa na manyan biranenmu, tun daga Ajegunle ta Ikko har Kurna ta Kano: yaro ya ci sauran darussa, lissafi ya kayar da shi. Wanda kuwa bai sami kiredit a lissafi ba, to, ƙofar likitanci da injiniyanci ta rufe masa ke nan. Ɗan mai hali in ya yi tuntuɓe, sai uban ya ɗauko masa malami har gida. Ɗan lebura fa, wa zai zaunar da shi? Sai a ce ba shi da ƙwaƙwalwa, har shi ma ya gaskata. A ganinmu, abin da yaran nan suka rasa shi ne jagora. Ga hujja daga ƙasar Amurka.

A shekarar 1974 wani malami ɗan ƙasar Bolibiya mai suna Jaime Escalante ya kama aiki a makarantar sakandare ta Garfield, a gabashin birnin Los Anjeles. Unguwa ce ta talakawa, galibinsu 'yan asalin Mekziko, an kuma daɗe da fid da tsammani daga 'ya'yansu. Shi kuwa ya ce zai koya musu kalkulas, watau lissafi mai zurfi irin na shekarar farko ta jami'a. Yakan zauna da su kafin a shiga aji, da bayan an tashi, har da ranar Asabar. A 1982 ɗalibansa 18 suka ci jarrabawar kalkulas ta ƙasa baki ɗaya. Hukumar jarrabawa ta zargi 14 daga cikinsu da satar amsa; 12 suka yarda suka sāke zama, duka kuma suka sāke ci. Zuwa 1987 masu cin jarrabawar a makarantar sun haura 80.

Amma labarin yana da ƙarshen da ba a cika faɗa ba. Escalante ya bar makarantar a 1991, cikin 'yan shekaru kaɗan adadin masu cin jarrabawar ya faɗi warwas. Aikin da ya rataya a wuyan mutum ɗaya, komai ƙwazonsa, ran da ya tafi aikin ya bi shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Wani Baƙar fata ɗan Amurka, Bob Moses, ya bi wata hanya dabam. A shekarun 1960 ya yi gwagwarmayar samar wa Baƙar fata 'yancin jefa ƙuri'a a jihar Misisipi, daga baya ya yi koyarwa a Tanzaniya. A 1982 ya kafa shirin koyar da aljabara ga 'ya'yan talakawa, bisa hujjar cewa a wannan zamani sanin lissafi haƙƙi ne na ɗan ƙasa kamar ƙuri'a. Yakan ɗauki yara su shiga jirgin ƙasa na cikin gari, su dawo su zana tashoshin da suka wuce, su yi bayanin tafiyar da bakinsu. Daga "tasha uku gaba, tasha biyu baya" ake kai su ga lambobi masu alamar ƙari da na ragi. A 1996 kuma, a birnin Jakson na Misisipi, aka kafa ƙungiyar da ke horar da 'yan sakandare da na jami'a su koyar da ƙannensu lissafi, ana biyansu ladan aikinsu. Moses ya rasu a 2021, ya bar masu koyarwa waɗanda su ma jiya ɗalibai ne.

Wani zai ce ai wannan Amurka ce, inda kuɗi yake. To, amma me aikin ke bukata in ban da ɗaki da allo da alli da mutum mai haƙuri? Tsarin ma ba baƙonmu ba ne. A makarantar allo gardi ke biya wa ƙananan yara karatu, shi kuma malam ya biya wa gardi. Yaro ya fi sakin jiki ya ce "ban gane ba" a gaban yayansa na unguwa, wanda ya san gidansu, ya kuma ga da idonsa cewa ɗan lungunsu ya shiga jami'a. Shi kansa mai koyarwar, iliminsa ƙara zama yake yi.

Saboda haka muna kira ga gwamnatocin jihohi da ƙananan hukumomi su buɗe azuzuwan firamare na unguwanni da yamma da ranar Asabar don wannan aiki. A ɗauki ɗaliban jami'o'i da kwalejojin ilimi, da masu yi wa ƙasa hidima waɗanda dama suna da ranar aikin raya al'umma kowane mako. A ɗora ƙwararren malami a kansu, a riƙa biyansu alawus a kan kari, domin aikin sa-kai kaɗai ba ya ɗorewa. A kuma fara tun daga ajin ƙarshe na firamare da ƙaramar sakandare, inda yawanci lissafi ke fara kuɓuce wa yaro, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Sai dai kada hukuma ta fake da wannan ta yi sakaci da ɗaukar malamai da biyansu albashi. Karatun yamma taimako ne ga na safe, ba zai maye gurbinsa ba. Iyaye su ma da nasu nauyin: yarinyar da talla ta cinye mata yamma, ba jagoran da zai same ta. Wanda ya ci lissafi a unguwarku bana, ku nemo shi ya zaunar da yara biyar baɗi. Allah ya sa mu dace.