Tarihin Ƙasa a Makarantun Birnin Kudu da Gwaram: Da Wane Littafi?

Waiwaye adon tafiya, in ji masu iya magana, amma an wayi gari a ƙasar nan hukuma ta ga kamar waiwayen ɓata lokaci ne. A shekarar 2007 aka fito da manhajar da ta cire darasin tarihi daga jerin darussa masu zaman kansu a firamare da ƙaramar sakandare, aka fara aiki da ita sosai a zangon karatu na 2009 zuwa 2010. Abin da ya rage na tarihi sai aka cusa shi cikin darasin zaman jama'a, a babbar sakandare kuwa ya zama na ganin dama. Bayan ƙorafin masana, musamman Ƙungiyar Masana Tarihi ta Nijeriya, gwamnati ta sauya shawara. A watan Nuwamba na 2022 aka ƙaddamar da dawo da darasin tare da shirin horar da malamai 3,700, sa'an nan a 2025 Ma'aikatar Ilmi ta Tarayya ta ba da sanarwar wajabta shi tun daga aji ɗaya na firamare har zuwa ƙarshen ƙaramar sakandare. Wannan abin a yaba ne. Sai dai fa rubuta sunan darasi a jadawali abu ne mai sauƙi. Malamin da ya shiga aji a Gwaram ba sanarwar minista zai buɗe ba, littafi zai buɗe, kuma abin da ke cikin littafin nan shi ne tarihin Nijeriya a wurin yaran da ke gabansa.

To, wane irin littafi ne? Wanda ya bi sawun littattafan da aka yi karatu da su a ƙasar nan zai ga an sha gyara, kuma gyaran ya yi amfani. Na farko-farko, irin su History of Nigeria na Alan Burns da ya fito a 1929, da na S. J. Hogben a kan masarautun Arewa na 1930, jami'an mulkin mallaka ne suka rubuta su, da idon mai mulki kuma suka dubi ƙasar. Bayan samun mulkin kai aka sami The Story of Nigeria na Michael Crowder a 1962, da littattafan Adu Boahen da K. B. C. Onwubiko waɗanda ɗaliban sakandare suka yi ta haddacewa saboda jarrabawa, har zuwa Groundwork of Nigerian History da Obaro Ikime ya tace a 1980, wanda ya zama madogara a kwalejoji da jami'o'i. Waɗannan sun ƙwato tarihin daga hannun baƙi, ba wanda zai musa. Amma akwai wata ɗabi'a da akasarinsu suka gada ba su yar ba, wato duban ƙasa daga ƙofar fada. Idan an zo babin ƙasar Hausa sai a kawo Bayajida da macijiyar Kusugu, a jero Hausa Bakwai, a ambaci Muhammadu Rumfa da Sarauniya Amina, a tsallaka zuwa jihadin 1804, daga nan sai ga Lugga a ƙofar Kano a 1903. Garuruwan da ke gefe ba su da suna sai in an ci su da yaƙi.

Alhali kuwa tun a 1970 Farfesa Abdullahi Smith ya nuna cewa ba a fahimtar kafuwar daulolin Hausa ta hanyar labarin jarumi baƙo da ya zo daga gabas. Abin dubawa shi ne yadda ƙauyuka suka zama garuruwa, garuruwa suka zama birane masu ganuwa, da abin da ya jawo mutane wuri guda na ƙasar noma da tama da kasuwa da duwatsun tsafi. Fiye da shekara hamsin ke nan da wannan bayani, amma har yau yaro yana iya gama sakandare yana ɗauke da labarin rijiya a matsayin tabbataccen asali, ba a taɓa gaya masa bambancin tarihihi da tarihi ba.

A ɗauki Birnin Kudu. A bayan garin akwai duwatsu irin su Dutsen Mesa da Dutsen Habude da Dutsen Murufu, waɗanda ke ɗauke da zane-zanen mutanen da. Bernard Fagg, mutumin nan da sunansa ya shahara a kan gumakan Nok, shi ya yi nazarinsu, ya kuma gabatar da bayaninsu a taron masana kufai na Afirka da aka yi a Livingstone, cikin ƙasar Zambiya ta yau, a 1955. Ya yi bayani kuma a kan wasu duwatsu na wurin masu amo, waɗanda in an buga su sukan yi ƙara kamar kuge. Wuraren suna cikin jerin kayayyakin tarihi na ƙasa da hukuma ta keɓe. Abin da ya fi jan hankali a zanen shi ne shanu, wasu masu dogayen ƙahoni, wasu gajeru, amma ba su da tozo. Duk yaron da ya tashi a wannan yanki ya san bunaji da rahaji, ya san kuma kowace da tozonta. Da malami zai kai ɗalibansa gindin dutsen ya tambaye su ina tozon waɗannan shanu, da a cikin sa'a guda sun koyi abin da littafi ba ya koya musu a shekara: cewa irin shanun da ake kiwo a ƙasar nan ya sauya, cewa an zauna a wurin tun kafin shanun da suka sani su bazu, cewa kuma da irin wannan ƙaramar shaida masana ke gina hujja. Gani ya kori ji. Amma manhajar ƙaramar sakandare ta fi mai da hankali a kan Nok da Ife da Binin da Igbo-Ukwu. Waɗannan wajibi ne a san su. Abin takaicin shi ne ɗalibin Kwalejin Gwamnati ta Birnin Kudu, makarantar da ta yaye manyan mutane da dama, ya haddace sunayen wuraren da bai taɓa gani ba, dutsen da zai iya takawa da ƙafa kuwa ya san shi a matsayin wurin kiwon awaki.

Batun Ningi ya fi wannan nauyi, domin har yanzu akwai gidajen da ake ba da labarinsa. Wajen 1846 wani malami da ake kira Malam Hamza ya bar Tsakuwa ta ƙasar Kano tare da mabiyansa, saboda saɓani da sarauta a kan kuɗin ƙasa da aka ɗora wa malamai. Ya shiga duwatsun Ningi, ya zauna cikin Butawa da Warjawa da Fa'awa da maƙwabtansu. Daga wannan haɗuwa aka sami wata daula wadda ta hana Kano da Bauchi da Zazzau barci har ƙarshen ƙarni na 19. Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya sha fita yaƙi da su. Ƙasar Birnin Kudu da ta Gwaram su ne bakin iyaka, su ke fara jin ƙarar kofato, kuma a kansu ake kama bayi ta kowane ɓangare. Adell Patton ya rubuta kundin digirinsa na uku a kan wannan daula a Jami'ar Wisconsin ta Amurka a 1975. Haka kuma Takai, inda Yusufawa suka kafa sansani a yaƙin basasar Kano da ya ɓarke a 1893, maƙwabciya ce ta kusa, kuma Adamu Fika ya yi littafi guda a kan wannan yaƙi a 1978. Ashe ba rashin bincike ba ne. Binciken yana nan cikin Ingilishi mai tsauri, a ɗakunan karatu na jami'o'i, inda malamin sakandare na Basirka ba zai kai gare shi ba.

Wani zai ce, ai tarihin ƙasa ake magana ba na gunduma ba, kuma jarrabawar WAEC da NECO ba ta tambayar wanda ya gina ganuwar Gwaram. Zai ƙara da cewa ƙasar da ta ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970 tana bukatar littafin da zai haɗa kan 'ya'yanta, ba wanda zai mai da kowa ga unguwarsu ba. Wannan magana tana da ƙarfi, bai kamata a yi watsi da ita ba. Littafi guda ba zai ɗauki labarin ƙananan hukumomi 774 ba. Amma a dubi dattijon da aka haifa a Gwaram a 1950. An haife shi a Lardin Kano cikin Jihar Arewa, ƙarƙashin En'e ta Kano. A 1967 ya zama ɗan Jihar Kano. A 1976 aka kawo tsarin ƙananan hukumomi. A 1981 Gwamna Abubakar Rimi ya ɗaga darajar Dutse, gwamnatin da ta biyo baya ta soke a 1983. A ranar 27 ga Agusta, 1991, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, yau kuma garinsa yana cikin masarautar Dutse. Bai ƙaura daga gidan ubansa ba, amma duk wani babban sauyi na tsarin mulkin Nijeriya ya ratsa ta zaurensa. Malamin da ya fara da wannan dattijo, tarihin ƙasa yake koyarwa, ya dai shiga ne ta ƙofar da yara suka sani.

Haɗarin da ya fi cancanta a ji tsoro wani ne dabam. Tarihin gari a wannan ƙasa yakan zama kirari. Marubuci ya jero hakimai, kowa adali, kowa jarumi, ya kai littafin fada a ƙaddamar. Idan irin wannan za a kai aji, gara a bar yara da Bayajida. Littafin da zai yi amfani a kudancin Jigawa dole ya faɗi cewa mutanen Ningi ba 'yan fashi kurum ba ne, malami ne ya jagorance su da farko, kuma yana da hujjarsa. Dole ya faɗi cewa an kama bayi daga nan zuwa can, an kuma kama daga can zuwa nan. Akwai Warjawa a ƙasar Birnin Kudu har gobe, 'ya'yansu suna zaune benci ɗaya da jikokin waɗanda suka tsare ribaɗi. Littafin da ya kira kakannin rabin aji da sunan wulaƙanci ya rushe haɗin kan da ake cewa ana nema tun kafin a tashi tara.

Sai batun harshe, wanda ya shafi wannan sashe kai tsaye. Rubuta tarihi da Hausa domin makaranta ba baƙon abu ba ne. Hukumar Fassara ta fitar da Labarun Hausawa da Maƙwabtansu a farkon shekarun 1930. A zamanin NORLA aka buga Tarihin Fulani na Waziri Junaidu, da Kano ta Dabo Cigari na Wazirin Kano Alhaji Abubakar Dokaji a 1958. Su ma daga fada suka dubi duniya, amma yaro yana karanta su ya gane, har ya karanta wa kakansa, kakan ya ce a'a, ba haka aka yi ba. Wannan gardama ita ce farkon koyon tarihi, kuma ba ta yiwuwa da littafin da yaro ke bin sa da yatsa yana haddar jimlolin da bai fahimta ba. Gaskiya ne a 2025 gwamnati ta janye manufar koyarwa da harshen uwa da aka amince da ita a 2022, ta tsayar da Ingilishi. Amma Hausa tana nan a matsayin darasi, kuma ba dokar da ta hana littafin karatun Hausa ya ƙunshi labarin Dutsen Habude maimakon wata ƙagaggiyar hira tsakanin Audu da Bala.

A nan ne laifin ya dawo gida. Kowace shekara ɗaliban Hausa a Jami'ar Bayero, da Jami'ar Tarayya ta Dutse, da Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa, da Kwalejin Ilmi ta Gumel, suna shiga ƙauyuka da na'urar ɗaukar magana, suna tattaro kirarin garuruwa da waƙoƙin daka da labarin ƙaura, su ɗaure kundi, a ba su maki, kundin ya hau kanta ƙura ta rufe shi. 'Yan sashen tarihi kuma suna can suna tonon rahotannin Di'o-Di'o a Gidan Adana Takardu na Kaduna da Arewa House, ba su san abin da maƙwabtansu suka naɗo ba. Ɗan ƙaramin littafi mai shafi sittin ko tamanin, da taswira guda da hotunan zanen duwatsu, wanda malamin tarihi zai tantance hujjojinsa, malamin Hausa ya daidaita harshensa, sa'an nan a gwada shi a aji biyu ko uku a Birnin Kudu da Gwaram kafin a kai wa Ma'aikatar Ilmi ta jiha, bai fi ƙarfin sassa biyu na jami'a ɗaya ba. Tsofaffin da suka ji labarin harin Ningi daga bakin kakanninsu da suka gani da ido, mafi ƙanƙantarsu yanzu ya haura saba'in, kuma ɗalibin da ke neman batun kundinsa na bana zai same su da hantsi a inuwar ƙofar masallaci.