Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Gwamnan Jihar Neja, Mohammed Umaru Bago

Mai Girma Gwamna, 

A daminar bara wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa, ya riga mu gidan gaskiya. Bayan sadakar arba'in 'ya'yansa suka jawo akwatinsa na ƙarfe daga ƙarƙashin gado, suka tarar gara ta cinye rabin kayan ciki. Sauran kuwa wasiƙun ajami ne, da takardun albashi na zamanin fam da sule, da hotunan tasha. Da idona na ga ɗaya daga cikin wasiƙun a hannun wani yaro, an ƙunshe masa ƙosai, mai ya narkar da tawadar. Ban ga laifin 'ya'yan ba. Ina za su kai su?

Ranka ya daɗe, jirgin nan shi ya tara mu a Minna. Layin dogon da ya taso daga Baro ya isa Kano a 1911, Hausawa da Nupawa da Yarabawa da Ibo suka biyo shi, suka sauka wurin Gbagyi masu gari. A garin nan aka haifi marubuci Cyprian Ekwensi a 1921, Abubakar Imam kuma ɗan Kagara ne, a jiharmu. Amma ɗalibin da ke son karanta rahotannin Turawa kan Lardin Neja sai ya nemi kuɗin mota zuwa ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna, alhali ubansa da ƙyar ya haɗa masa kuɗin makaranta. Can ɗin ma bakin Bature zai tarar. Bakin lebura da mai fura a tasha yana cikin akwatunan gidajenmu.

Roƙona shi ne a ba hukumar laburare ta jiha ɗaki guda a unguwarmu ta Barkin Sale, da na'urar ɗaukar hoton takardu, kowa ya kawo nasa a ɗauka a mayar masa. A nemo kwafen takardun Kaduna. A kuma tura ma'aikata da rakoda su zauna gaban dattawa, kuma wannan shi ya fi gaggawa. A layinmu akwai wata gwaggo da ta san lokacin da gidajenmu gonakin doya ne, ta san mai kowace gona. Ta haura tamanin, kuma bana ta fara rikita sunayen jikokinta.

Naka mai biyayya,
Wani mazaunin Barkin Sale, Minna