Haƙurin Da Muke Sayar Wa Mutanen Jibiya

'Yan'uwana marubuta, akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Cikin littattafan da muke rubutawa, da wuya ka gama karanta guda uku ba ka tarar da wani dattijo ya dafa kafaɗar wanda aka zalunta ba, ya ce masa haƙuri maganin zaman duniya. Daga nan sai marubuci ya ajiye alƙalami, wai ya koyar da falsafar rayuwa. Ni kuwa na ce ragwanci ne muka naɗa wa rawani.

Duk mai musu ya shiga mota daga Katsina ya nufi Magamar Jibiya. A nan ne aka raba mu da Nijar. Ka haye sai Ɗan Isa, sai Maraɗi, garin da sarakunan Katsina suka koma bayan jihadi. Jini ɗaya, harshe ɗaya, Turawan Ingila da na Faransa ne suka ja layi a tsakani. A 1984 an rufe wannan iyaka, sai 1986 aka buɗe. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa, Jibiya ba ta ga buɗi ba sai Afrilun 2022, kuma a tsakanin nan har an hana kai man fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ba a gama numfasawa ba sai ga juyin mulkin Nijar na Yulin 2023, aka kuma rufewa har Maris na 2024. Ɗan dako da direba da mai tuwo-tuwo a tasha da 'yan canjin sefa, babu wanda aka tambaya. To, me marubucin Hausa ya kai musu? Haƙuri.

Kada a yi mini gurguwar fahimta. Ban raina haƙuri ba. Lokacin da Baturen nan Kirk-Greene ya yi nazarin mutumin kirki a wurin Bahaushe a 1974, ya lissafa haƙuri, amma tare da gaskiya da amana da mutunci da adalci ya jera shi. Mu ne muka zare ɗaya muka watsar da sauran, don ita ce ba ta ɓata wa kowa rai.

Akwai wani masanin falsafa, Efiktitus, wanda ya yi zaman bauta a birnin Rum. Shi ya raba al'amuran duniya gida biyu: abin da ke hannunka da abin da ba ya hannunka. Na biyun ka sa wa zuciyarka ruwan sanyi a kansa, na farkon kuwa ka tashi tsaye. Wannan rabo da gani kamar wasan yara ne, amma aikin duka yana wajen gane wane abu ne na wane gida. Direban Jibiya ba shi da iko a kan sojojin da suka karɓi mulki a Yamai, a nan haƙuri ya dace da shi, har ma ya fi masa lafiya. Amma shingen da ake tare shi a hanya a karɓi na goro ba tare da takarda ba, wannan ai ba ruwan sama ba ne. Mutane ne suka kafa shi, mutane ne kuma za su iya ɗauke shi. In ka ce masa ya yi haƙuri da wannan, ka ɗauko kaya daga gidan farko ka kai gida na biyu, ka taya mai shingen aiki ke nan kyauta.

Na taɓa shiga motar wani tsohon direba a wannan hanya. A wani shinge aka ce ya kawo, ya ce takardunsa sun cika. Aka sa shi ya gangara gefe, muka yi kusan awa guda a rana, fasinjoji na ta zaginsa a kan kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba (ni ma, Allah Ya yafe mini, na yi tsaki). Bai ɗaga murya ba, bai kuma sa hannu a aljihu ba, har suka gaji suka sallame mu. A littattafanmu, wanda ya miƙa kuɗin ya yi shiru shi muke kira mai haƙuri. Alhali ga mai haƙurin nan zaune a kan sitiyari, ya jure rana da zagi don kada ya sayar da gaskiyarsa.

Na san abin da za a ce mini: marubuci ba ɗan siyasa ba ne, kuma tunzura talaka ba alheri ba ne. Wa ya ce a tunzura kowa? Cewa na yi mu daina rubuta dattijon da ba ya tambayar wa ya yi laifi. In za ka sa haƙuri a bakin wani a labarinka, fara zama ka bincika ko abin da ya sami jarumin naka daga Allah ne ko daga ɗan Adam mai suna da ofis. Wanda kuma yake ganin ya ƙware a wannan fage, kuɗin motar Jibiya ba su da yawa. Ya je tasha ya karanta wa 'yan dako babinsa na ƙarshe da babbar murya, ya dawo ya ba mu labari a fitowa ta gaba.